Sunan da ke ɓoye cikin mariƙi: yadda ake gane maƙerin tsohon takobin Japan

Idan aka zare mariƙin wani tsohon takobin Japan, aka tarar da suna a sassaƙe jikin ƙarfen, shin an gano wanda ya ƙera shi ke nan? Wannan tambaya tana yawan tasowa a bakin mutane iri biyu. Akwai magada a Amurka da Ingila da Ostareliya waɗanda kakanninsu sojoji suka dawo gida da takubba bayan yaƙin duniya na biyu, akwai kuma masu saye a gwanjon intanet, inda hoton rubutu ɗaya yake iya ninka farashin kaya sau goma. Galibinsu sun ɗauka cewa aikin bai wuce a sami wanda ya iya karatun Japananci ya karanta sunan ba. A shekarar 2020 birnin Setouchi da ke lardin Okayama ya biya yen miliyan 500 ya sayi takobin da ake kira Sanchomo, wanda babu sunan kowa a jikinsa, alhali kasuwa cike take da takubba masu ɗauke da sunayen manyan maƙera waɗanda masana ba sa ko ɗaga ido su kalla sau biyu. Wanda ya fahimci dalilin wannan bambanci ya fahimci rabin lamarin.

Mene ne mei, kuma a ina ake samunsa?

Japanawa suna kiran sa hannun maƙeri mei. Ba a kan ruwan takobi ake sa shi ba. Yana kan wutsiyar ƙarfen da ke shigewa cikin mariƙi, wadda suke kira nakago, kuma ba a ganinsa sai an fitar da ɗan turken gora da ya riƙe mariƙin, an zare katakon a hankali. Maƙerin yakan sassaƙa haruffan da ɗan kurfi da ƙaramar guduma, bugu bayan bugu, shi ya sa kowane layi yake ɗauke da sawun hannun mai shi: inda ya fara, inda ya danna da ƙarfi, inda ya ɗaga.

Al'adar tsohuwa ce. Dokokin daular Japan na farkon ƙarni na 8 sun umarci a riƙa rubuta shekara da wata da sunan maƙeri a jikin makaman da aka yi wa hukuma. Sai dai sunayen da suka iso zamaninmu a kan takubba masu lanƙwasa sun fara ne daga ƙarshen zamanin Heian, wanda ya ƙare a ƙarshen ƙarni na 12, irin su Yasutsuna na lardin Hoki da Munechika na unguwar Sanjo a Kyoto. Takobin Yasutsuna da ake kira Dojigiri yana gidan tarihi na ƙasa a Tokiyo, da sunan maƙerinsa cikin haruffa biyu kacal.

Gefen da aka sa sunan ma yana da ma'ana. Ƙa'ida ita ce sunan ya kalli waje idan mutum ya ɗaura takobin a kwiɓinsa na hagu. Tsohon dogon takobi na mahaya, wato tachi, ana rataya shi ne kaifinsa na kallon ƙasa, katana kuwa ana soke shi a ɗamara kaifinsa na kallon sama, don haka sunayensu suna faɗowa a gefe dabam-dabam. Ɗaya gefen shi ake bar wa kwanan wata. Amma ƙa'idar tana da togaciya: zuriyar Tadayoshi ta lardin Hizen sun saba sa sunansu a kan dogayen takubbansu a gefen tachi, har ya zama idan aka ga dogon takobi da sunansu a ɗaya gefen sai masana su fara zargi.

Yadda ake karanta rubutun

Ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa, da haruffan da Japan ta aro daga Sin. Mafi gajarta haruffa biyu ne, sunan sana'a na maƙerin kawai. Mai tsawo yakan bi tsari sananne: lardi, sai kalmar ju mai nufin mazaunin wuri, sai gari, sai suna, sannan saku, wato ya yi. Misali, "Bizen no kuni ju Osafune Sukesada saku" yana nufin Sukesada na Osafune, mazaunin lardin Bizen, shi ya ƙera. Daga ƙarni na 16 zuwa gaba maƙera da yawa sun samu laƙabin girmamawa daga fadar sarki, irin su Izumi no kami ko Omi daijo, suka riƙa haɗa shi da sunansu. Mai karatu sabon shiga yakan ruɗe a nan, domin laƙabin yana ɗauke da sunan lardi, sai ya zaci can maƙerin yake zaune. Sukehiro mai laƙabin Echizen no kami a Osaka ya yi aikinsa, ba a Echizen ba.

Kwanan watan kuwa ba da shekarar miladiyya ake rubuta shi ba. Ana ambaton sunan zamanin da fada ta sanya, sai shekara ta nawa a cikinsa. Zamanin Keicho ya fara a 1596, Kanbun ya kama daga 1661 zuwa 1673, Showa ya fara a 1926, don haka shekara ta 18 ta Showa ita ce 1943. Za a lura wata na biyu da wata na takwas sun fi yawa a tsofaffin takubba, saboda maƙera sun ɗauki waɗannan watanni a matsayin lokacin da ɗumin ruwa ya fi dacewa da tsoma ƙarfe mai zafi, har rubuta su ya zama al'ada.

Wata wahalar ita ce haruffa dabam-dabam suna iya ba da furuci ɗaya. Akwai harafin Kane da maƙeran lardin Mino suke fara sunayensu da shi, akwai wani Kane ɗin na maƙeran lardin Yamato, kuma da an mayar da sunan zuwa haruffan boko bambancin ya ɓace. Shi ya sa fassarar suna kaɗai, ba tare da hoton ainihin rubutun ba, ba ta kai mai bincike ko'ina.

Suna ɗaya, maƙera da yawa

Ko da an karanta sunan daidai, kuma ko da na gaskiya ne, tambayar da ke biye ita ce: wane ne daga cikinsu? Sunan maƙeri a Japan gado ne na gida, ɗa yana karɓa daga uba, almajiri yana karɓa daga malami, wani lokaci har tsawon ƙarni uku. A garin Osafune kaɗai maƙera masu yawan gaske sun sa hannu da sunan Sukesada. A cikinsu akwai Yosozaemon no jo Sukesada na farkon ƙarni na 16, wanda aikinsa ke cikin mafi daraja a zamaninsa, akwai kuma masu ƙera takubban kasuwa da ake fitarwa dami-dami lokacin yaƙe-yaƙen basasa, waɗanda ake kira kazu-uchi-mono. Gaba ɗayansu Sukesada ne. Masana sun lura cewa takobin da aka yi wa wani babban mutum bisa oda yakan zo da dogon sa hannu mai ɗauke da sunan yanka na maƙerin da kwanan wata, wani lokaci har da sunan mai odar, na kasuwa kuwa gajere ne.

Haka zuriyar Tadayoshi ta ci gaba a Hizen tun daga na farko, wanda ya rasu a 1632, har zuwa zamanin Meiji da ya fara a 1868, shi kansa na farkon ya sauya sunansa zuwa Tadahiro a 1624. A Mino, Kanesada na biyu ya bambanta da sauran masu sunan ta hanyar yadda yake rubuta cikin harafin ƙarshe, har aka yi masa laƙabi da Nosada saboda wannan ɗan bambanci. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ainihin aikin: lanƙwasar layi ɗaya, tazarar da ke tsakanin harafi da ramin turke, ko inda kurfi ya fara shiga.

Akwai kuma abin da suke kira daimei, inda ɗa ko babban almajiri yake sassaƙa sunan maigida da izininsa, musamman idan tsufa ya kama shi. Wannan ba a lissafa shi cikin jabu, domin daga maƙerar aikin ya fito kuma da yardar mai sunan.

Sa hannun jabu, da dalilin yawansa

Sa hannun ƙarya sunansa gimei, kuma ba 'yan damfarar wannan zamani ne suka ƙago shi ba. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, takobi shi ne babbar kyauta tsakanin shugaban sojoji da sarakunan larduna, a wajen naɗi da aure da gado. Kyautar kuwa sai da suna mai nauyi take cika, kuma manyan maƙeran da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba su bar abin da zai ishi kowa ba. Da buƙata ta fi kaya yawa, sai masu kurfi suka cike giɓin.

Wanda sunansa ya fi shan wannan wahala shi ne Nagasone Kotetsu, maƙerin birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, na ƙarni na 17, wanda ya fara da ƙera sulke kafin ya koma takobi. Masu sana'ar suna da wata magana da suke gada: in ka ga Kotetsu, ɗauka jabu ne. Ko takobin da Kondo Isami, shugaban dakarun Shinsengumi masu kare mulkin Tokugawa a ƙarshen zamaninsa, yake alfahari da shi a matsayin Kotetsu, labarin da ya shahara shi ne cewa aikin wani maƙeri mai suna Kiyomaro ne aka sa wa sunan Kotetsu. A ƙarni na 19 an yi wani maƙeri mai suna Hosoda Naomitsu, wanda aka fi sani da Kajihei, da ya gwanance wajen kwaikwayon sa hannun manya har masana suka ware aikinsa a matsayin fannin nazari na kansa.

Wani lokaci kuma tsoro ne ya sa aka taɓa sunan. Takubban Muramasa na garin Kuwana sun yi ƙaurin suna da cewa suna jawo wa gidan Tokugawa masifa, don haka wasu masu su suka goge harafi ɗaya ko suka sauya shi don kada a same su da abin da masu mulki ke ƙi.

Takubban da ba su da suna

Rashin suna, wato mumei, ba aibi ba ne, kuma dalilinsa mafi yawa shi ne yankewa. Tachi na ƙarni na 13 da na 14 dogaye ne, an yi su don mahayi. Da salon yaƙi ya koma na ƙasa, sai aka riƙa gajarta su daga wajen wutsiya, domin ba a taɓa tsinin. Idan yankan ya yi yawa, sunan ya tafi tare da guntun da aka yar. Wasu masu takobin, da ba su so sunan ya salwanta, sukan sa a fefe ɓangaren da ke da rubutun a lanƙwasa shi ta baya, ko a yanko shi a dasa a sabuwar wutsiyar.

Masamune na lardin Sagami, wanda ya yi aiki a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, shi ne babban misali. Ayyukansa masu sa hannu da aka amince da su ƙalilan ne, kuma galibi gajerun wuƙaƙe ne. Ƙarancinsu ya kai ga a 1896 wani masani mai suna Imamura Choga ya tayar da muhawara a jarida kan ko Masamune ya kai yadda ake faɗa, ko ma ya taɓa wanzuwa. Masanan da suka zo daga baya sun tabbatar da shi, amma darasin muhawarar yana nan: dogon takobi mai ɗauke da sunan Masamune ɓaro-ɓaro ya fi zama abin zargi fiye da wanda ba shi da suna sam.

Don cike wannan gurbi ne gidan Hon'ami, waɗanda suka gaji aikin wasa takubba da tantance su ga masu mulki, suka riƙa rubuta sunan maƙerin da suke ganin shi ya yi aikin, da zinariya da aka dasa cikin ƙarfe ko da jan fenti, su kuma bayar da takardar shaida. Takobin Heshikiri Hasebe da ke gidan tarihin birnin Fukuoka yana ɗauke da irin wannan rubutun zinariya na Hon'ami Kotoku. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa wannan ra'ayin masani ne da ya zo daga baya, ba hannun maƙeri ba ne, kuma darajarsa tana bin darajar wanda ya yi shi. Hukuncin Kotoku da na Hon'ami Kochu, wanda ya tattara kundin shahararrun takubba a 1719, har yau ana girmama su, na wasu magadansu kuwa ana karɓarsa da taka-tsantsan.

Ƙarfen shi ne shaida

A ganina hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauki sa hannu a matsayin da'awa, kuma hujja tana kan mai da'awa. Shaidun da za a kira su ne ƙarfen da kansa. Saboda haka ne a tarukan nazari na Japan ake miƙa wa mutum takobi da wutsiyarsa a rufe, ya faɗi maƙerin daga abin da idonsa ya gani, sannan a buɗe sunan.

Shaida na farko shi ne siffa: tsawo, faɗi, inda lanƙwasa ta fi zurfi, da girman tsini. Wannan yana nuna zamani. Masana sun kasa tarihin gida-gida, tsofaffin takubba kafin 1596, sababbi daga nan zuwa wajen 1780, sai na farfaɗowa har zuwa 1876 lokacin da gwamnati ta hana yawo da takobi. Takobin zamanin Kanbun, alal misali, kusan miƙaƙƙe ne mai ɗan ƙaramin tsini. Idan irin wannan siffa ta zo da sunan maƙerin ƙarni na 13, shari'a ta ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Na biyu shi ne fatar ƙarfen, wato zanen da ninkawa da bugu suka bari, wani kamar jijiyar katako a miƙe, wani kamar idon itace. Na uku shi ne hamon, farin layin da ke bin kaifi, wanda ke fitowa saboda maƙeri ya shafe jikin takobin da yumɓu mai kauri ya bar bakin da siriri kafin ya tsoma shi a ruwa. Kowace makaranta cikin manyan biyar, Yamashiro da Yamato da Bizen da Soshu da Mino, tana da nata salon. Kanemoto na Mino an san shi da layi mai kama da jerin bishiyoyi uku-uku, tsofaffin maƙeran Bizen kuma da wata inuwa mai kama da hazo da ke bayyana sama da layin. Mai jabu yana iya kwana yana kwaikwayon haruffa, amma ba zai iya komawa cikin wuta ya sauya abin da aka gama shekaru ɗari huɗu da suka wuce ba.

Sai a dawo kan wutsiyar. Ana duba siffar ƙarshenta, da sawun magagari da aka goge ta da shi, domin kowane gida yana da nasa kwancin layi, wasu a gicciye, wasu a karkace, wasu kamar saƙar darni. Ana duba ramukan turke, nawa ne kuma wane ne na asali. Ana duba launin tsatsa, wadda ke komawa baƙa mai laushi da tsawon zamani, a ga ko tsatsar cikin haruffan ta yi daidai da ta kewayensu. Bayan haka ne ake ɗora siririyar takarda a goga tawada a fitar da hoton sa hannun, wanda suke kira oshigata, a jera shi kusa da na takubban da aka riga aka tabbatar, a bi shi bugu-bugu.

Masu hukunci da takardunsu

A yau ƙungiyar da aka fi dogaro da hukuncinta ita ce ta kiyaye takubban fasaha na Japan, wadda ake taƙaita sunanta da NBTHK. An kafa ta a 1948, bayan da sojojin da suka mamaye Japan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu suka riƙa ƙwace makamai, takubba masu yawa suka salwanta, har da shahararren takobin Honjo Masamune da gidan Tokugawa ya miƙa wa ofishin 'yan sanda na Mejiro a Disamba 1945, wanda ba a sake ganinsa ba. Kwamitin ƙungiyar yana ba da takardun shaida hawa huɗu, daga na ƙasa, Hozon, zuwa na ƙoli, Tokubetsu Juyo. Akwai kuma wata ƙungiyar tantance takubba, NTHK, wadda ta girme ta, tun 1910.

Kuskure biyu ne suka fi cin kuɗin masu saye. Na farko shi ne ɗaukar katin rajista, torokusho, a matsayin tabbaci. Wannan kati hukumar ilimi ta lardi ce ke bayar da shi don mallakar takobin ta halatta a Japan, kuma yana kwafe abin da ke rubuce ne kawai, ko gaskiya ko ƙarya. Na biyu shi ne amincewa da tsofaffin takardun NBTHK na kafin 1982, waɗanda ita kanta ta sauya tsarinsu, kuma dillalai masu mutunci sukan nemi a sake gabatar da takobin.

Akwai saɓani na gaske a kan abin da za a yi da takobi mai kyau da ke ɗauke da sunan ƙarya. Kwamiti ba ya ba shi takarda a haka, don haka al'adar kasuwa ita ce a kai wa gwani ya shafe sunan, a sake gabatar da shi a matsayin marar suna, a ba shi nasabar da ta dace da aikinsa. Masu goyon baya suna cewa an wanke takobin daga ƙarya. Masu adawa suna cewa sunan da ya shekara ɗari uku a jikin ƙarfe ya zama tarihi, kuma kwamiti mutane ne, suna iya kuskure. Ni na fi karkata ga masu cewa a yi jinkiri, a nemi ra'ayi na biyu, domin takarda ana iya sake neman ta shekara mai zuwa, rubutun da aka shafe kuwa ya tafi har abada.

Takubban yaƙin duniya

Yawancin takubban da ke hannun magada a ƙasashen waje na soja ne, kuma a nan sa hannu yakan zama na gaskiya amma ma'anarsa ta bambanta. Garin Seki ya fitar da takubba masu ɗimbin yawa da ƙarfen masana'anta, ana tsoma da yawansu a mai maimakon ruwa, kuma sunayen maƙera suna jikinsu. Ɗan hatimin da aka buga sama da sunan, mai harafin Seki ko na Showa cikin furen ceri, yakan nuna ba a bi hanyar gargajiya ba, irin waɗannan kuwa ba a yi musu rajista a matsayin kayan fasaha a Japan. Hatimin tauraro yana nuna maƙerin da rundunar soja ta amince da shi ya yi aikin gargajiya. Maƙeran da suka yi aiki a harabar wurin bauta na Yasukuni daga 1933 zuwa 1945, waɗanda sunayensu ke farawa da Yasu, sun ƙera takubba wajen 8,100 da ake daraja su sosai. Kuma ba a rasa hafsan da ya sa tsohon takobin gidansu cikin kuben soja, don haka kube ba ya faɗin shekarun abin da ke cikinsa.

Abin da ya kamata mai takobi ya kiyaye

Babbar ɓarnar da ake yi wa waɗannan takubba daga kyakkyawar niyya take zuwa. Mutum ya ga tsatsa ta rufe rubutu, sai ya ɗauko takardar yashi ko burushin waya don haruffan su fito. Da wannan gogewa ya share shaidar shekaru da sawun magagari da gefen bugun kurfi, wato abubuwan da kwamiti zai duba, kuma darajar takobin takan faɗi ƙasa warwas. Wutsiya ba a wanke ta, ba a goge ta. Ruwan takobin kuma ba a taɓa shi da yatsa, ba a kai shi wurin mai wasa wuƙa, abin da yake buƙata shi ne a share shi da tsumma mai laushi a shafa masa ɗan mai kaɗan.

Wanda yake son a taimaka masa da karatu ya ɗauki hoton wutsiyar gaba ɗaya, gefe biyu, tsinin takobin yana kallon sama, da haske daga gefe don inuwa ta fito da haruffan. Ya haɗa da hoton takobin tsirara daga tsini zuwa ƙarshe, da na kusa da ke nuna layin kaifi, sannan ya auna tsawon ruwan daga tsini zuwa 'yar gaɓar da ke bayan takobin inda wutsiya ta fara. Da waɗannan masani zai iya karanta sunan, ya faɗi zamanin da siffar ta yi kama da shi, ya kuma ce ko ya cancanci a kashe kuɗin wasawa da na kai shi gaban kwamiti, inda za a riƙe takobin a hannu a duba shi a ƙarƙashin fitila.